Zabira a Rataye

Yau kwana arba'in da uku
zabirata na rataye a ƙusar zaure.
Gizo-gizo ya saƙe mata baki,
askar da na gada wurin Baffa
ta fara ja kamar haƙorin mai cin goro.

Rediyo ya ce a ba da tazara.
To ni Ilu, da wane hannu?
Wa ya taɓa aske kai daga nesa?
Sana'ata ƙeyar mutum ce a tafina,
gwiwarsa na gugar tawa,
yana ba ni labarin bashin taki,
ina bin bayan kunnensa a hankali.

Ran da mai shela ya zaga da lasifika,
ba kasuwa, ba taro, ba musafaha,
dariya muka yi a gindin ɗorawa.
Haladu ya ce, ciwon masu hawa jirgi ne,
me zai zo nema a Tudun Marke?
Ko ya taso, yashin hanyar Jahun zai riƙe shi.
Sai ga Sallau ya sauka daga Kano da tsakar dare,
a bayan motar albasa, yana tari.

Aka share masa ɗakin harawa.
Gwaggo Tabawa, da ta goya shi shekara biyu,
da tabarya take tura masa kwanon tuwo.
Ta tsaya bayan zana, ta ce, ka ci?
Ya ce, na ci.
Ba ta tafiya sai ta ji ƙarar kwano.

Sun ce a wanke hannu da ruwa mai gudana.
Namu ba ya gudu, jan sa ake yi,
gaba ashirin da biyu,
guga ɗaya, igiya ɗaya, gari guda.
Mata na jeruwa da tulu nesa da juna,
hira ta yi daɗi, su manta, su matso.

Liman, da ya tsufa yana cewa ku haɗa sahu,
ƙafa da ƙafa, kafaɗa da kafaɗa,
ranar ya juyo zai ce ku matsa,
maganar ta tsaya masa a wuya.
Da hannu ya nuna.

Takunkumi da na sani na maraƙi ne,
yau har dagaci ya ɗaura nasa,
ƙyallen atamfa da tela Mamuda ya rage.
Sai mutum ya wuce ka gane shi a tafiya.

Sallau ya tashi, Alhamdulillahi.
Haladu ne ya kwanta.
Kwana huɗu.
Ko ciwon ne, ko wa'adi kawai,
ba wanda ya zo ya auna.
Mutum tara muka raka shi, a warwatse.
Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba.
'Yarsa ta Haɗeja a waya ta yi kukanta,
ƙaninta na tsaye kan suri yana neman sabis.

Abin da ke cina ƙarami ne, na sani.
Shekara talatin, duk Alhamis kansa na hannuna.
Makon da zai kwanta ya leƙo zaure,
ya shafa sumarsa, ya ce, Ilu, ko da sauri-sauri?
Na ce, bari a ɗage doka.
Da sumar ya tafi.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
ka shafa wa naka ruwa.
Na shafa. Da sabulu ma.
Ba a faɗi inda za ka kai hannun ba
in ka gama.

Ɗazu na sauke zabira, na karkaɗe ta,
na wasa aska har ta ɗauki ido.
Ba kowa a zaure sai kaza.
Na jingina fasasshen madubi da bango,
na jiƙa kaina.
Ashe ban san hanyar ƙeyata ba.
Na yanke sau biyu.

Marka ta haihu jiya, namiji.
Sun aiko yaro, daga bakin ƙofa ya tambaya
ko zan zo askin suna.
Na ce ya je, zan yi tunani.
Saura kwana shida.